Askin Sarkin Sarwale

Tun da na dawo daga Sarwale ban samu sakat ba. Duk wanda ya zauna a gabana, kafin in jiƙa masa kai sai ya ce, "Iro, wai da gaske ne ka yi wa sarkinsu aski?" Wani kuma ya ce, "Wai shin wa ke riƙe da garin nan?" Har masu zuwa daga Hanwa, ba aski ya kawo su ba, labari suke so. Shi ya sa na ga gara in zauna in ba da shi sau ɗaya, daga farko har ƙarshe, in samu in yi sana'ata lafiya.

Ni wanzami ne, ɗan wanzami. Gidanmu na asali yana cikin birni. Da aka fara yanka filaye a Tudun Wada, baƙi suka yi yawa, ga leburorin hanyar jirgi, na ga kawunan da ke neman aska sun fi yawa a bayan ganuwa, sai na kwaso Inna da iyalina muka dawo nan. Ina da wa guda ɗaya, Garba. Yana da shekara tara, ni ina da shida, mahara suka ɗauke shi a gonar kawunmu can wajen Dutsen Abba. Wannan tun kafin zuwan Turawa ne da daɗewa. Babanmu ya yi nema har Allah ya karɓi ransa. Inna kuwa ba ta taɓa yarda a yi wa Garba sadakar mamaci ba.

Wata rana wani madugu mai suna Tanko, mai kai goro da baƙaƙen riguna gabas, ya zauna in yi masa gyaran fuska. Na lura yana ta kallon kumatuna. Tsagar gidanmu uku-uku ce a gefen baki, da wata 'yar gajeriya a ƙarƙashin idon hagu, wadda babanmu ya ƙara da hannunsa don ya riƙa gane nasa. Tanko ya ce ya ga irinta sak a fuskar wani babban mai bindiga a Sarwale, wani gari a kan dutse can bayan Yola, cikin ƙasar da Jamus ke riƙe da ita. Ana ce da mutumin Kacalla Barka. Ya ce har ya taɓa jin ya zagi dokinsa da Hausa.

Na shiga gida na gaya wa Inna. Lokacin idonta ya riga ya tafi, sai dai ta ji motsi. Ta ce, "Ka je ka duba. In yayanka ne, ka zo mini da shi. In ba shi ba ne, ka gaishe shi duk da haka, shi ma ɗan wata ne."

Da kaka ta yi, na rataya zabirata na bi ayarin Tanko. Ni da ban taɓa wuce Soba ba. Kwana uku da fita sabon takalmina ya fasa mini diddige, na cire na rataya a wuya, na ƙarasa Bauci da ƙafa tsirara. A zangon farko kuma wani jaki ya cinye rabin malfata ina salla, ina ji ina gani, ba damar in katse. Tanko mutumin kirki ne, amma in ka tambaye shi nisa, amsarsa ɗaya ce: "Saura kaɗan." Tun daga Lere yake cewa saura kaɗan. Duk inda muka sauka sai in buɗe zabira in yi wa fatoma aski, shi kuma ya sa a kawo mini tuwo. Ban taɓa sanin aska tana jin kowane yare ba sai a tafiyar nan.

Abin da ya fi ba ni tsoro a hanya Binuwai ne. Mu da muke kiran Kubanni kogi, mu nemi gafara. Da aka sa ni cikin kwalekwale na ga gaɓar ta nisanta, sai na kwanta a ƙasan jirgin na rufe ido ina karanta duk abin da na iya. Wata mai sayar da bandar kifi ta kifa mini faifanta a fuska, ta yi ta dariya har muka haye. Da muka sauka ta ba ni kifi ɗaya, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Ci, jarumi."

A Yola mun sauka gidan wani Bafillace abokin Tanko. Tuwonsu kamar namu ne, sai dai ba sa ƙyashin man shanu, kuma da safe kunun gyaɗa ne mai kauri da nono a ciki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, maigidan ya ajiye mana akushi ya juya ya fita, bai ci tare da mu ba. Na ɗauka mun yi masa laifi. Tanko ya ce a'a, kunya ce, ba sa son a ga bakinsu yana motsi. Na ce to a Zazzau in ka yi wa baƙo haka, zai sa takalminsa ne.

Iyakar da ake ta faɗa, na zaci ganuwa zan gani ko wata ƙatuwar ƙofa. Ashe wani itace ne da tuta a bisa, da bukka biyu, da sojoji baƙaƙe irinmu. Gero iri ɗaya ne a gonar nan da ta can. Sajansu ya zazzage zabirata, ya ga ƙahoni, ya daka tsawa, wai na zuba albarushi ne. Tanko ya yi bayani har ya gaji. Ƙarshe na ce a tambaye shi ko bayansa na ciwo, don na ga yadda yake dafe kugu in zai tashi. Ya tuɓe riga, na kafa masa ƙaho huɗu a gindin tutar Jamus. Da ya miƙe ya ji sauƙi, sai ga sauran sun jeru suna kwance maɓallai. Rabin yini muka yi a nan, Tanko yana ta mita, wai ya kawo goro ne ba asibiti ba.

Da dutsen Sarwale ya fara bayyana, Tanko ya daina raha. Ya ja ni gefe ya koya mini zaman garin. Kakan sarkin yanzu mayaƙi ne, ya zo da bayinsa masu bindiga ya kama dutsen. Da ya kau ɗansa ya hau, yanzu jikansa ne. Ba a cewa tsohon ya mutu, sai a ce ya shiga ɗaki. Ba a nuna fada da yatsa. In an ambaci Sarki, kowa ya taɓa ƙasa ya ce, "Da arzikinsa." Duk ɗa namiji in ya yi famfara, sai a kai shi gidan bindiga. Duk hatsin da aka noma yana shiga rumbunan Sarki, daga nan ake auno wa kowane gida, masu bindiga tukuna, sannan saura. Ba mai sauka daga dutsen sai yana riƙe da wata sanda mai tambarin wuta. Jamus kansu, in ji Tanko, sukan zo su karɓi shanu da 'yan dako, a buga musu bindiga, su juya. Ba sa son hawa.

Ƙofa uku muka wuce, kowacce da masu tsaro. A ta uku aka haɗa ni da wani soja, Buba, dogo siriri mai jin Hausa. Aka ce shi ne zai nuna mini gari. Kafin yamma na gane aikinsa: ko bayan gida zan zaga, yana tsaye a bakin zana. Amma mutum ne mai taushin zuciya. Yakan ɓare gyaɗa ya ba ni rabi, ga shi da ganin wuyansa ka san awon gidansa ba ya isa.

Garin tsaf yake, ba shara, ba hayaniya. Kasuwarsu kamar ana zaman makoki. A Tudun Wada in mace ta saya maka daddawa ta ga ka rage mata, unguwa za ta ji. A can ko ciniki da raɗa ake yi. Tuwonsu na jar dawa ne, miyar wani ganye ce mai ɗaci, ba nama, amma duk wanda ya ci sai ya taɓa ƙasa ya ce da arzikinsa. Rana ta uku na ce da Buba, "Wai wa ke riƙe da garin nan?"

Ya taɓa ƙasa. "Sarki."

"To wa ke gaya wa Sarki abin da zai yi?"

Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce yau za a yi rana.

Tanko ya ce kada in nemi Kacalla Barka, in bari labari ya neme shi. Sai na shimfiɗa buzuna a gefen kasuwa ina yi wa sojoji aski. Rana ta biyar da hantsi na ga mutane suna ja da baya. Wani ƙaton mutum mai furfura ya taho yana ɗingishi, rabin kunnensa babu, masu bindiga biye da shi. Ya zo ya zauna a buzuna, ya cire hula. Na dubi kumatunsa. Uku-uku, da 'yar gajeriyar a ƙarƙashin idon hagu. Aikin babana ne, ko a cikin dubu zan gane hannunsa.

Bai dube ni ba. Ya ce a hankali, "Wa ya yi maka tsaga?"

Na ce, "Wanda ya yi maka."

"Yi aski. Kada ka yi kuka, ana kallo."

Na jiƙa masa kai, na ɗora aska. Ban taɓa yin aski mai tsawon wannan ba. Bakinsa ba ya ko motsi ya ce, "Baba?" Na ce ya rasu. Na ja aska sau biyu, sau uku, sannan ya ce, "Inna?" Na ce tana nan, ita ta aiko ni. Na ji fatar kansa ta motsa a ƙarƙashin yatsuna, jijiyar wuyansa ta miƙe. Na ɗaga askar na jira. Da na gama ya sa hularsa ya tashi, ya ce da Buba a kai baƙon nan gidansa, yana da 'ya'yan da ke son aski.

A gidansa ne ya rungume ni, har na ji ƙashin bayana ya yi ƙara. Ya nuna mini matarsa da 'ya'yansa biyar. Hausarsa ta lalace, ta tsaya a ta yaro ɗan shekara tara, ta kuma gauraya da Fillanci, amma muna fahimtar juna. Ya ce an sayar da shi sau uku kafin ya faɗo hannun tsohon Sarki. Ya ce a Sarwale bayi ake naɗawa Kacalla, shugaban masu bindiga, saboda bawa ba shi da dangi sai Sarki. Su biyu ne manya, shi da wani Kacalla Sambo, kuma ba sa shan ruwa a ƙwarya ɗaya. "Yanzu ni yana da ƙane," in ji shi. "Sambo zai ji daɗi." Gaskiyarsa. Fuskokinmu sun riga sun yi magana, kafin gari ya waye kowa ya sani.

Kwana biyu bayan haka aka ce Sarki yana kiran wanzamin Zazzau. Na bi Yaya, muka wuce zaure bayan zaure, na ƙarshe da rarrafe. Sarki yana bisa gado, riguna a kan riguna, amawali ya rufe fuska, kamar tudu. Aka sallami kowa sai Yaya da wani bafade mai riƙe da ƙwaryar ruwa. Da aka warware rawanin sai ga saurayi, bai fi shekara ashirin da biyar ba, siririn wuya, da ƙurajen zafi a bayan kunne. Ya yi murmushi ya ce, "Kai ne ƙanen Baba Barka?"

Da Hausa ya faɗa, da lafazi irin na Yaya sak. Ashe Yaya ne ya yi renonsa, ya goya shi a wuya, ya koya masa harshenmu don su riƙa magana ba mai ji.

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Na fara aski, shi kuma ya fara tambaya. Wai da gaske jirgin ƙasa ruwa yake sha? Mutum nawa yake ɗauka? In ya gaji fa? Bai taɓa sauka ƙasan ƙofa ta uku ba tun da aka haife shi. Na sake jiki ina ba shi labarin ranar da jirgi ya fara shigowa Zariya, yadda awaki suka tsinke igiya. Na zo kan kukan jirgin, na kwaikwaya da bakina. Daɗi ya kama shi, ya waiwayo da sauri ya ga yadda nake yi, aska tana bayan kunnensa.

Yankan bai kai tsawon farce ba. Amma kai ne, jini ya zubo har kan farar riga.

Ya danne wurin da hularsa, ya ce, "Ba kome, ni na juya." Amma bafaden ya riga ya ajiye ƙwarya ya fice. Na ga fuskar Yaya ta canja. A Sarwale duk hannun da ya zub da jinin gidan nan, yanke shi ake yi. Sarki ya dubi Yaya, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ni na ce ba kome. Amma ba za su ji ba, ko Baba?" 

Aka zaunar da ni a zauren waje tun hantsi har la'asar. Kacalla Sambo ya zo da mutanensa suka cika gefe ɗaya na filin fada. Ya ce a fito da hannun, kuma wanda ya shigo da baƙo gaban Sarki da aska ya sauka daga muƙaminsa. Mutanen Yaya suka cika ɗaya gefen, ina jin ƙarar ɗura bindiga. Ina duban hannuna na dama, ina tunanin da me zan ci da 'ya'yana, da me zan gaya wa Inna. Buba yana zaune kusa da ni. Aikinsa ya tsare ni ne, amma can na ji ya kama hannun nan nawa ya riƙe a cinyarsa.

Sau biyu Sarki yana aiko manzo cewa ya yafe. Sau biyun duka, filin nan kaf suka durƙusa, suka taɓa ƙasa, suka ce, "Da arzikinsa." Sannan suka miƙe kowa ya koma inda yake tsaye. Ko mutum ɗaya bai ajiye bindiga ba.

Da rana ta karkata sai wata tsohuwar baiwa ta fito daga wata 'yar ƙofa ta gefe, ta ce wata kalma ɗaya. Buba ya raɗa mini, "Gwaggo na kira." Nan take Sambo ya miƙa bindigarsa ga na kusa da shi, Yaya ma haka. Aka tasa ni gaba.

Gwaggo 'yar tsohon Sarki ce na farko, yayar uban wannan. Na zaci zan ga wata ƙasaitacciya. Sai na tarar da 'yar ƙaramar tsohuwa a kan tabarma tana gurzar auduga, da tarin mabuɗai a ɗaure a kugunta. Daga baya na ji na rumbuna ne da na ɗakin albarushi. Kacallolin nan biyu suka zube. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta tambaye ni, Buba yana fassara, "A garinku, in mutum yana ciwon kai, me wanzami ke yi masa?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, akan ɗan tsaga a fitar da mugun jini."

"A ina?"

Allah ya ba ni basira. Na ce, "Wani lokaci a bayan kunne."

Ta gyaɗa kai ta ci gaba da gurza. "Abin da na sa a kira shi ya yi ke nan. Yaron nan tun damina kansa ke ciwo. Sambo, hannun da na sa aiki kake so ka yanke?"

Sambo ya ce bai sani ba, ba wanda ya gaya masa.

"Yanzu ka sani. Gobe ne awon mutanenka, ko?"

Ya sa goshi a ƙasa. Shi ke nan. Abin da ya tsai da gari yini guda ya ƙare kafin ta gama gurzar damƙi ɗaya.

Ta sallami kowa, ta ce ni da Buba mu tsaya, gwiwoyinta na ciwo. Ina kafa mata ƙaho, na ga in ban yi magana yanzu ba, ba ni da wata rana. Na gaya mata labarin Inna. Na ce, "Ranki ya daɗe, na ga ke ce mai garin. Ki ba ni yayana."

Ta yi dariya har ƙaho ɗaya ya faɗi. Ta ce, "Ni ce mai gari? In Barka ya sauka dutsen nan, Sambo zai cinye yaron can kafin wata ya tsaya. In ya cinye shi, nasa mutanen za su cinye shi, don da jinin ubana suka yi rantsuwa, ba da nasa ba. Yaron ba ya iya kome sai da ni. Ni ba na iya kome sai waɗancan biyun suna ƙin juna. Su kuma ana jin maganarsu ne muddin ana awo. Kullum da safe, kafin in gai da kowa, rumbu nake leƙawa. Ran da na ga ƙasansa, mabuɗan nan ƙarfe ne kawai." Ta dubi jinin da ke taruwa a ƙahon. Can ta ce, "Na haifi huɗu, gidan bindiga ya cinye su duka. Na san abin da uwarku take ji. Ban ɗaure shi ba. Ka tambaye shi, in ya ce zai tafi, zan ba shi sandar sauka."

Da za mu fita ta dubi Buba, ta ce masa wani abu. Ya ce mini wai ta ce kunnensa bai ji kome ba, kuma a ƙara wa gidansa mudu.

Washegari aka sake kirana fada. Ashe Sarki yana nan da rabin kai a aske, ba wanda ya yarda ya kusance shi da aska. Na ƙarasa masa. Wannan karon Yaya ya tsaya a bayansa ya riƙe kansa da hannu biyu, kamar yadda ake riƙe jariri ran suna. Sarki ya ce, "Yi kukan jirgin, ba zan juya ba." Na ce sai na gama. Da na gama na yi masa sau uku.

Rannan da yamma Yaya ya hau da ni kan wani fa, inda ake hango hanyar yamma. Na gaya masa abin da Gwaggo ta ce. Ya daɗe yana kallon hanyar. Ya ce, "Tun bai yi haƙori ba yana wuyana. In ni ya tafi, ka ga abin da za a yi masa." Na ce Inna fa? Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Iro, abin da aka yi mini, ni ma ya yi wa 'ya'yan mutane. Da yawa. Da wane ido Inna zai dube ni?"

Na ce, "Yaya, ai ba ta da idon."

Ya fashe da dariya, dariyar ta juye kuka. Ƙaton mutum, mai rabin kunne, wanda gari ke ja da baya in ya taho. Na zauna kusa da shi har ya yi shiru. Ban sake roƙonsa ba. Na ga ko na ja shi ya biyo ni, rabinsa zan kai gida.

Ya raka mu har ƙofa ta farko, iyakar inda Kacalla ke iya zuwa. Ya ba ni saƙon baki zuwa ga Inna, ya sa na maimaita har sau uku. Buba ya cusa mini gyaɗa a aljihu ya juya da sauri.

Masu tambayata wa ke riƙe da Sarwale, abin da na gani ke nan. Na shiga har ƙuryar fada, na taɓa kan Sarki, na taɓa gwiwar mai mabuɗai, na kwana gidan mai bindigogi. Ban ga ko ɗaya a cikinsu da zai iya tashi da safe ya ce yau zan je in ga jirgin ƙasa ba.

Dawowa ba ta yi wuya kamar zuwa ba, ko a Binuwai a zaune na haye. Mun shigo Tudun Wada ana sharar gona. Tun daga bakin zaure Inna ta gane takuna, ta kuma ji taku ɗaya ne. Ba ta tambaye ni yana ina ba. Ta bari na sha ruwa, sannan ta ce, "Shi ne?"

Na ce shi ne. Na fara ba ta labarin bindigogi da ƙofofi da girman da yake da shi. Ta ɗaga hannu. Ta tambayi ko yana da jiki, ko matarsa tana kula da shi, 'ya'ya nawa. Da na ambaci rabin kunnensa, ta tambayi abin da ya same shi. Sannan ta ce, "Me ya ce?"

Na fara gyara maganar yadda za ta yi daɗin ji. Ta ce, "A'a. Yadda ya faɗa, da bakinsa."

Na gyara murya na yi irin tasa, mai kauri. "Ka ce Inna, ni bai gudu ba, ɗauke ni aka yi. Ni yana ci, ni yana salla. Ta yafe."

Ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce, "Ƙato da furfura, har yau bai iya magana ba. Sake faɗa." Na sake. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni ina ne gabas daga inda take zaune, na kama kafaɗarta na juya ta wajen.

Yaya ɗan farinta ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko ran da aka ɗauke shi, ko cikin addu'a. Ta goge fuska da gefen mayafinta, ta ɗaga murya kamar mai kiran yaro daga bayan gida.

"Garba," ta ce. "Na ji. Na yafe."